Buga Filin Golf na Gaskiya a Na'urar Kwaikwayo ta Gida

Na'urar kwaikwayon golf, wasu na ce mata simuleta, tsari ne da mutum zai tsaya a cikin ɗaki ko gareji da sandarsa ta gaske ya bugi ƙwallo ta gaske ta je ta daki wani labule mai kauri, sai kwamfuta ta lissafa inda ƙwallon za ta sauka da a fili aka buga ta, majigi kuma ya haska tafiyarta a jikin labulen. Abin da ya fi jan mutane shi ne yawancin filayen da ake haskawa ba na ƙirƙira ba ne, kwafin filaye ne da ke nan a duniya, irin su Pebble Beach da ke Kalifoniya wanda aka buɗe a 1919, ko tsohon filin St Andrews na Sikotilan.

Tarihi

Ana yawan cewa na'urorin farko sun fara bayyana ne a Amurka wajajen shekarun 1960 zuwa 1970. A lokacin hotuna ne kawai aka ɗauko a fili ake haskawa ɗaya bayan ɗaya, in ka buga na'ura ta ƙiyasta nisan sai a canza maka hoto zuwa wanda ya fi kusa da inda ka sauka, shi ke nan.

Ainihin abin da ya canza harkar daga wasannin kwamfuta ya fito. Kamfanin Access Software na birnin Salt Lake City a jihar Utah ya fitar da Leader Board a 1986, sannan a 1990 ya fitar da Links, kuma a Links ɗin ne suka zauna suka kwafi filin Torrey Pines na kudu da ke Kalifoniya rami bayan rami da hotuna da taswirar tudu da gangare, wanda a wancan zamanin ba ƙaramin aiki ba ne in aka duba ƙarfin kwamfutocin lokacin. Daga nan suka dinga sayar da wasu filayen daban-daban a faifai. Microsoft ya sayi kamfanin a 1999, ɓangaren da ke harkar na'urar kwaikwayo kuma ya ci gaba da sunan TruGolf, masu manhajar E6 da har yanzu ake amfani da ita. Shi ma kamfanin Full Swing mai ƙera irin waɗannan na'urori tun 1986 yake cikin harkar.

A Koriya ta Kudu abin ya ɗauki wani salo, kamfanin Golfzon da aka kafa a 2000 ya mayar da shi harkar ɗakunan haya a cikin gari, saboda filaye a can sun yi kaɗan ga kuma tsada. A 2003 aka kafa kamfanin TrackMan a Denmak, masu auna bugu da radar Doppler, fasahar da a da ake bibiyar makamai masu gudu da ita. Foresight Sports na San Diego kuma suka bi ta hanyar kyamara mai saurin ɗauka. Waɗannan hanyoyi biyu su ne har yau ake kai.

Yadda ake kwafin fili

Nan ne aikin yake. Ana auna ƙasa da hasken leza, fasahar da ake kira LiDAR, daga jirgin sama ko jirgi mara matuƙi ko na'urar da ake girkawa a ƙasa, ta tattaro miliyoyin ɗigo kowanne da tsayinsa, sai a haɗa su su ba da siffar filin. Bayan nan masu zane su ɗora bishiyoyi da ramukan yashi da ruwa da gine-gine suna duba hotuna. Wurin da aka fi ba muhimmanci shi ne fegin gajeriyar ciyawa da ke kewaye da rami, don gangaren da ido ma ba ya gani sosai yana iya kautar da ƙwallo.

Akwai kuma masu sha'awa da ke yin nasu a gida, musamman a manhajojin GSPro da TGC 2019, suna ɗauko bayanan LiDAR da hukumomi ke saki kyauta a intanet su gina har ƙananan filayen da babu kamfanin da zai damu da su. Ingancin ya bambanta sosai, wani kwafin ya burge wani kuwa sunan kawai ya ɗauka. Filayen da ba su ba da lasisi ba akan sa musu wani suna na daban, kuma ana taƙaddama kan halaccin hakan.

Kayan aiki

Na'urar auna bugu, labule, majigi, tabarmar ciyawar roba, kwamfuta, da ɗaki mai tsayin rufi kamar mita 3 don kada sanda ta taɓa sama. Radar ta fi son ɗaki mai zurfi, kyamara kuwa ko a matse tana aiki.

Inda ya yi daidai da inda ya gaza

Na'urar tana karanta gudun ƙwallo da kusurwar tashinta da juyawarta, saboda haka dogon bugu yana fitowa kusa da gaskiya. Mai shirin zuwa wani fili zai iya sanin inda ramukan yashi suke da sandar da zai ɗauka a kowane wuri, misali rami na 17 a St Andrews da ake bugowa ta saman kwanar otal, ko rami na 7 a Pebble Beach da nisansa daga wurin bugu bai fi yadi ɗari da 'yan kai ba amma teku na kewaye da shi. Wannan amfani ne babba ga wanda ƙila sau ɗaya zai taka wurin a rayuwarsa.

Amma tabarma a shimfiɗe take kullum, babu tsayuwa a kan gangare babu yashi babu doguwar ciyawa, manhaja ce kawai ke rage wa bugun ƙarfi ta lissafi, kuma tabarmar tana rufa wa mutum asiri in sanda ta riga taɓa ƙasa kafin ƙwallo. Iska ma lamba ce a gefen allo. Bugun ƙarshe na gangara ƙwallo cikin rami shi ya fi rauni, shi ya sa da yawa suke saita manhajar ta ƙirga musu shi da kanta in sun matso kusa. Galibi ba a karɓar makin da aka ci a na'ura cikin lissafin matsayin ɗan wasa na hukuma.

A yau

A Janairun 2025 aka fara gasar TGL a Fulorida, wadda shahararrun 'yan golf Tiger Woods da Rory McIlroy ke cikin masu ita, ana buga dogon bugu a jikin katafaren allo, sai dai ramukanta ƙirƙira ne ba kwafin wani fili ba.