Gazawar girka Windows a kwamfutar gida

Gazawar girka Windows ita ce tsayawar aikin ɗora babbar manhajar a kan kwamfuta kafin ya kai ƙarshe: ko ya maƙale a wani kaso, ko ya fito da lambar kuskure, ko kwamfutar ta yi ta kashe kanta tana kunnuwa har ta koma kan tsohuwar manhajarta. Masu gyara sukan fara tuhumar filashin da aka loda manhajar a kansa kafin su taɓa kwamfutar, kuma da gaskiyarsu.

Microsoft na so filashin ya kai aƙalla gigabait 8. Sai dai girma kaɗai ba ya wadatarwa. Fayil ɗin ISO, wato fayil guda mai ɗauke da dukan manhajar Windows, kan lalace idan intanet ta yanke ana cikin sauke shi, shi ya sa ake gwada lambar tantancewarsa ta SHA-256 da wadda kamfanin ya wallafa. Haka kuma filashin da aka tsara da FAT32, wani tsohon salon ajiye fayiloli, ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4, alhali babban fayil ɗin girkawa, install.wim, na sababbin Windows yakan wuce haka. Manhajojin loda Windows a filashi, wato Media Creation Tool ta Microsoft da kuma Rufus, duk suna da dabarar kauce wa wannan. Lambar 0x8007025D galibi filashi take nunawa, amma in an sauya shi ba ta daina ba, sai a gwada lafiyar RAM, ma'ajiyar wucin-gadi ta kwamfuta, da manhajar MemTest86.

Matsalar da ta fi rikita mutane ita ce saɓani tsakanin yadda kwamfuta ke tashi da yadda aka raba faifan ajiyarta. Tsohon tsarin tayar da kwamfuta, BIOS, yana tafiya ne da salon raba faifai na MBR, wanda bai wuce terabait 2 da manyan ɓangarori 4 ba. Sabon tsarin UEFI kuwa salon GPT yake so, wanda Windows ke barin a raba har gida 128. Idan aka tayar da filashi ta UEFI alhali faifan MBR ne, ko akasin haka, sai saƙo ya fito cewa ba za a iya girka Windows a wannan faifai ba. Faifan lafiyarsa ƙalau. Magani biyu ne: a sauya yanayin tashi a saitin BIOS, ko a danna Shift da F10, a buɗe diskpart, manhajar sarrafa faifai, a zaɓi faifan, a rubuta clean sannan convert gpt (ko convert mbr in ta BIOS aka tayar da filashin). Na biyun ba ya barin komai, har hotunan biki, kuma ba ya tambaya ko ka tabbata. Wanda ya zaɓi lambar faifan da ba shi ba ya yi asara, don haka kwashe kaya ke zuwa farko.

Wani lokaci faifan ma ba ya bayyana sam. Hakan ya yawaita a laftof masu Intel na zubi na 11 zuwa sama, kuma loda direban Intel RST (direba ita ce ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta gane na'ura) daga filashi ko kashe saitin VMD a BIOS na warware shi.

Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, ta zo da nata sharuɗɗa: guntun tsaro na TPM 2.0, UEFI mai iya Secure Boot (tsaron lokacin tashi), RAM gigabait 4 da wurin ajiya gigabait 64. Kwamfutoci da dama suna da TPM, a kashe yake kawai, ƙarƙashin sunan PTT a Intel ko fTPM a AMD.

Idan kuwa sabuntawa ake yi daga tsohuwar Windows ta koma baya da lambar 0xC1900101, kusan kullum direba ne. Akan cire firinta da duk wani abin da ke jone, a sake gwadawa. Mai son sanin takamaiman wurin da aikin ya tsaya sai ya karanta fayilolin rahoto setuperr.log da setupact.log a jakar fayiloli mai suna Panther, ko ya bar manhajar SetupDiag ta karanta masa.