Waiwaye: maganaɗisu da wutar da ke bin gefe

Maganar wutar lantarki da ke bin gefen abu kawai, ba cikinsa ba, ta samo asali ne tun 1980, lokacin da Klaus von Klitzing ya yi awo a ɗakin gwajin maganaɗisu na Grenoble a Faransa, ya ga juriyar lantarki a siririn silikon mai tsananin sanyi, ƙarƙashin maganaɗisu mai ƙarfi, tana tsayawa cak hawa-hawa, kusan om 25,813 a raba da lamba cikakkiya, ko da samfurin na da datti. Ya ci Nobel a 1985. A 1982 Bertrand Halperin ya fayyace rawar gefe: maganaɗisu na sa ilektron na tsakiya su yi ta kewaya wuri ɗaya, na baki kuwa ba filin kammala kewayen, sai su dinga karo da gefe suna yin gaba, ba ribas.

To sai aka fara tambaya, dole ne sai da maganaɗisun? Duncan Haldane a 1988 ya nuna a lissafi cewa ba dole ba. Kane da Mele suka zo a 2005 da wani salon, layi biyu a kowane gefe kamar titi mai hannu biyu, ilektron masu spin (ɗan maganaɗisun jikin ilektron, mai fuskantar sama ko ƙasa) sama su yi gaba, masu spin ƙasa su yi baya, cikin abun kuma ba ya ɗaukar wuta sam. Bernevig, Hughes da Zhang suka ce a gwada HgTe, haɗin sinadaran makuri da telurium, in kaurinsa ya wuce nanomita 6.3, ƙungiyar Molenkamp a Würzburg ta Jamus ta gani a 2007.

Nan fa abin ya juye. Maganaɗisun da ya haifi hanyar gefe shi ne makashin wannan sabuwar, don yana karya daidaiton juya lokaci (wato dokokin motsi su zama ɗaya ko da an juya lokaci baya) da ke hana layukan biyu cakuɗuwa, kuma a Würzburg ɗan filin maganaɗisu kaɗan ya durƙusar da wutar, daidai da hasashe. Amma a 2015 'yan Jami'ar Rice a Amurka suka gwada InAs/GaSb, wasu siraran sinadarai biyu da aka ɗora kan juna, wutar gefen ta ƙi mutuwa har ƙarfin maganaɗisu ya kai tesla 12 in filin na kwance da samfurin, wanda ni a ganina shi ne ya fi komai tada ƙura. Wasu suka ce mahaɗar Dirac ce, wato inda kuzarin layukan gefen biyu ke haɗuwa, ta nutse cikin matakan kuzarin cikin abun, shi ya sa giɓin da maganaɗisu ya buɗe a mahaɗar, wanda zai kashe wutar, ba ya fitowa a awo. Wasu kuma suka nuna gefen InAs/GaSb na ɗaukar wuta ko a inda babu wani topoloji, tsarin cikin abun da ke tilasta samuwar hanyar gefe, wato ganin wuta a baki kaɗai bai isa hujja ba.