Zaɓen ringin fistan ga inji mai ƙarfin gudu

Ringin fistan zobe ne na ƙarfe mai tsaga a gefe guda, wanda ake zaunarwa cikin kwarmin da aka fafe a jikin fistan. Shi ke tare iskar da ta ƙone kada ta sulale ƙasa, shi ke kwashe zafin fistan ya miƙa wa bangon silinda, shi ne kuma ke share baƙin mai daga bangon ya bar ɗan abin da zai hana ƙarfe cin ƙarfe. John Ramsbottom, injiniyan jirgin ƙasa a Ingila, ya ƙirƙiro zobe mai tsaga a 1852 saboda injin tururi. Fasalin na nan har yau. Abin da ya sauya shi ne irin ƙarfen, da kaurinsa, da yawan wutar da ake so ya jure.

Yawancin fistan na ɗauke da ringi uku. Na sama shi ke fuskantar wuta da matsi. Na biyu, duk da ana lissafa shi cikin masu riƙe matsi, rabin aikinsa kankare mai ne, shi ya sa fuskarsa ke da ɗan karkata ko ƙugiya a ƙasa. Na uku ringin mai ne, mai gida uku: siraran zobba biyu da wani mai lanƙwasa a tsakiya da ke tura su jikin bango.

Dacewa da fistan

Ba a zaɓen ringi shi kaɗai. Fistan ne ke fara yanke hukunci, domin kwarminsa ya riga ya ƙayyade kauri da zurfi. Tsofaffin injinan Amurka masu silinda takwas sun yi amfani da 5/64 na inci a ringi biyu na sama da 3/16 a na mai. Daga baya aka sauko 1/16, sannan milimita 1.5, 1.2 har 1.0. Siririn ringi ya fi bin bango, gogayyarsa kaɗan ce, kuma rashin nauyinsa na hana shi rawa cikin kwarmi idan inji ya hau juyi mai yawa. Amma sai kwarmin ya zama nasa. Ratar da ke tsakanin ringi da leɓen kwarmi kan kasance daga milimita 0.025 zuwa 0.075, kuma idan aka danna ringin ciki dole ya shige gaba ɗaya, kada ya leƙo waje.

Dacewa da bango

Zubabben ƙarfe na gargajiya yana zama da wuri, amma yana da saurin karyewa. Wanda aka gyara ya zama mai lanƙwasuwa ya fi shi juriya, sitil kuma ya fi su duka. A kan fuskar ringin sama akan yi shafe. Shafen moli, wato ƙarfen molibdinom, yana riƙe baƙin mai, yana jure zafi, kuma shi ne zaɓin da ya fi yawa a injin da ba a ɗura wa iska da na'urar turbo. Rauninsa ɗaya: idan fetur ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, shafen na iya ɓarewa. Don haka injin turbo ko mai shan iskar naitros mai ƙara ƙarfin inji ya fi dacewa da sitil da aka ƙarfafa fatarsa da naitrojin. Shafen ƙarfen kurom yana da tauri, ya dace da wurin ƙura, sai dai ba a haɗa ringi mai kurom da bango mai kurom, don za su ci juna. Bango mai shafen Nikasil, wani shafe mai tauri na ƙarfen nikel, wanda kamfanin Mahle ya fitar a 1967, shi ma sai ringin da aka yi dominsa.

Gugar bangon ita ma sai ta dace da ringin. Dutsen guga yana barin zane mai gicciye, kusan digiri 45, kuma cikin waɗannan ƙananan kwaruruka ne mai ke kwanciya. Moli na son zane mai laushi, kurom na son mai ɗan kaushi. Sabon ringi a kan tsohon bango mai sheƙi ba ya zama, komai tsadarsa.

Ratar baki

A nan ne aka fi asarar inji. Ringi na miƙewa idan ya yi zafi, tsagar bakinsa na tsukewa. In rata ta ƙare bakunan biyu suka haɗu, ringin ba shi da inda zai je sai ya cije bango, ya karce silinda, wani lokaci ya ɓalle kan fistan ɗungurungum. Rata mai yawa kuwa ɗan matsi kawai take zubarwa. Duk mai shakka gara ya karkata wajen faɗi.

Ƙa'idar da aka saba ita ce a ninka faɗin silinda da 0.004 zuwa 0.0045 ga ringin sama na injin titi, da 0.006 ko fiye ga mai turbo ko naitros. Silinda mai faɗin milimita 86 ke nan za ta nemi kusan 0.39 a hali na farko, 0.52 a na biyu. Fistan mai yawan silikon, wanda ya haura kashi 12 cikin ɗari, yana tara zafi a kansa, don haka ringinsa na sama na buƙatar ƙarin rata. Takardar da mai ƙera fistan ya saka a kwali ita ke gaba da kowane lissafi.

A da ana tsuke ratar ringi na biyu. Yanzu ana barin ta daidai da ta sama ko ta ɗara, saboda iskar da ta maƙale tsakanin ringin biyu tana ɗaga na sama daga mazauninsa, ya daina toshewa.

Ringin da ake sa wa injin gudu kan zo da ɗan tsayi, a goge shi da hannu. Bakanike zai sa ringin cikin silindar da zai zauna, ya kifa fistan ya tura shi ƙasa kaɗan don ya daidaita, sannan ya zura siraran ƙarafunan awo cikin tsagar. Yana gogewa daga waje zuwa ciki don kada shafen ya ɓare, baki ɗaya kawai, kaɗan-kaɗan, yana komawa yana aunawa, domin abin da aka goge ba ya dawowa. Ya cire kaifin da ya rage, ya rubuta lambar silindar a kan ringin. Sauyin milimita 0.01 a faɗin silinda na sauya rata da kusan 0.03, shi ya sa ba a musanya su.

Wajen haɗawa, gefen da ke da ɗigo ko rubutu yana kallon sama; ringi na biyu da aka kifa yakan tura mai sama, inji ya yi ta hayaƙi. Ana rarraba tsagogin kada su hau layi ɗaya. A tashin farko ana amfani da baƙin mai na musamman na zaunar da ringi, a ɗora wa injin nauyi ana sauya gudu, domin matsin da ke shiga bayan ringi shi ke manna shi da bango. Barin sa yana aiki a tsaye na dogon lokaci kan sa bangon ya yi sheƙi kafin ringin ya zauna.