Ciwon kumburin hanji: abin da mutanen gidan mai ciwon ke tambaya

Shin ba basir ba ne kawai?

A'a, duk da cewa a wurinmu kusan duk jinin da aka gani a bayan gida basir ake cewa, ko atuni. Wannan ciwo daban ne. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa kan hanjinsa, ya kumbura ya yi gyambo. Iri biyu ne manya. Ɗaya kolaitis, mai tsayawa a babban hanji da dubura. Ɗayan cutar Crohn, wadda ta ci sunan likitan Amurka Burrill Crohn da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a 1932, kuma tana iya kama ko'ina daga baki har dubura. Yawanci ciwon yana somawa ne tsakanin shekara 15 da 35, ya lafa ya sake tashi. Crohn tana kama da tarin fuka na hanji sosai, shi ya sa likita kan zura na'urar leƙa hanji ya yanko ɗan abin gwaji kafin ya yanke hukunci.

Za mu iya ɗauka a wurinsa?

Ba a ɗauka. Ku ci a kwano ɗaya, ku sha a kofi ɗaya.

To 'ya'yanmu fa?

Akwai gado a ciki. Wanda uwarsa ko ubansa ke da shi ya fi sauran mutane haɗari, amma mafi yawan 'ya'yan ba sa samu. A dai lura da yaron da ke yawan gudawa ko ya daina girma.

Me ya sa ya janye daga mutane?

Nan ne dangi suka fi yi masa mummunar fahimta. Mutumin da ya tashi sau shida cikin dare yana lalubar buta, da safe ba shi da sauran ƙarfi. A masallaci sai ya riƙa zama kusa da ƙofa. A gayyace shi ɗaurin aure a wani gari ya ƙi, don ya san direban motar haya ba zai tsaya masa ba. Sai a fara cewa ya yanke zumunci. Kunya kuma ba za ta bar shi ya faɗa wa surukinsa cewa tsoron ɓata wando yake yi ba. Idan mace ce abin ya fi muni, dangin miji su ce raki ne, wasu su ce jifa aka yi mata, a bar asibiti a kama hanyar masu jiƙo.

Matar da ke kula da mai ciwon ma tana shan nata. Girki biyu, wankin dare, yara na jiran banɗaki ɗaya ga lokacin makaranta na ƙurewa, ga kuɗin magani wata bayan wata. Ni a ganina, ɗan'uwan da ya ɗauke mata kai yara makaranta ya fi wanda ya zo sannu da sabon maganin da ya ji a kasuwa.

Me za mu kiyaye a gida?

Kada a saya masa ibuprofen ko diclofenac don ciwon ciki, suna iya tayar da ciwon. Mai Crohn ya bar taba. Kada ya yanke magani don ya ji sauƙi, musamman prednisolone, wanda ake ragewa a hankali. Abinci ba shi ya jawo ciwon ba, sai dai kowa da abin da ke dagula masa ciki, wani yaji, wani madara. Batun azumi a tambayi likita tun kafin watan ya kama.

Mai ciwon za ta iya haihuwa?

Ƙwarai kuwa. An fi so ta ɗauki ciki lokacin da ciwon ya lafa, kuma ta sanar da likita tun da wuri, domin methotrexate, ɗaya daga cikin magungunan ciwon, yana cutar da ɗan tayi.

Yaushe za mu garzaya asibiti?

Idan jini ya yi yawa, ko zazzaɓi ya haɗu da matsanancin ciwon ciki, ko ciki ya kumbura ana amai ba bayan gida. A tafi a lokacin, ko da tsakar dare ne, a riƙe katinsa da magungunan da yake sha.