Giyar Kosha ta Yahudawa: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya taɓa sayayya a manyan kantunan New York ya san ɗan tambarin nan na harafin U cikin da'ira da ake bugawa a jikin biskit da gwangwanin kifi. Na ƙungiyar Orthodox Union ne, shaidar cewa abin kosha ne, wato ya dace da dokar abincin Yahudawa. Musulmi da yawa a can, har da 'yan uwanmu na unguwar Bronx, kan duba shi don gudun alade. Sai wata rana mutum ya ga tambarin a jikin kwalbar giya, ya tsaya yana sosa ƙeya.

Ashe giya ma tana zama kosha?

Ƙwarai kuwa. Yahudanci bai haramta giya ba, hasali ma giyar inabi tana cikin ibadarsu. Ranar Juma'a da faɗuwar rana idan Asabar, ranar hutun ibadarsu, ta shiga, maigida zai cika kofi ya karanta addu'ar da suke kira kiddush kafin a taɓa abinci. Da ita ake sallamar Asabar ɗin in ta fita. Ana shan ta wurin ɗaurin aure da ranar kaciyar yaro, a daren Idin Ƙetarewa kuwa, idin tuna fitarsu daga Masar, kowa kofi huɗu ne. Gidan da ke riƙe da addini ba ya rabuwa da sayen kwalba, shi ya sa maganar araha ba ƙarama ba ce a wurinsu.

Me ya raba ta da sauran giyar inabi?

Hannun da ya taɓa ta. Inabi yana kan reshe kowa na iya tsinka, amma daga fara matsa har a toshe kwalba, sai Bayahude mai kiyaye Asabar kaɗai zai buɗe famfo ko ya kunna inji. Tushen dokar shi ne gudun giyar da mutanen zamanin da suke zuba wa gumaka. Daga baya malamansu suka faɗaɗa ta ga duk giyar da wani bare ya sarrafa, don kada zaman sha ya kai ga auratayya. Babu wata addu'a da malami ke tofawa a ganga kamar yadda wasu ke zato. Gadi kawai yake yi.

Sai abin tacewa. Masu giya kan tace da jelatin ko sinadarin madara, a nan kuwa galibi yumɓu ake sawa. In gonar a Isra'ila take, dokar ta ƙaru: ba a taɓa 'ya'yan shekara uku na farko, kuma duk shekara ta bakwai ta hutun ƙasa ce. Ta baya-bayan nan ta faɗo a 2021 zuwa 2022.

Kalmar mevushal da ke jikin wasu kwalabe fa?

Ma'anarta dafaffiya. A fahimtarsu giyar da ta hau wuta ba ta isa a kai wa gunki ba, don haka ko wa ya zuba ta tana nan da hukuncinta. Wannan ne ya ceci gidajen abinci da wuraren biki, inda masu raba abin sha ba Yahudawa ba ne. A da tafasa ta ake yi har ɗanɗanon ya mutu. Yanzu ana ɗaga zafinta zuwa digiri 80 ko 90 a ma'aunin Celsius na ɗan lokaci, a sanyaya nan take. Yawancin masu arahar dafaffu ne.

Waɗanne ne masu arahar, kuma me ya sa suke da zaƙi kamar zuma?

Sunaye uku ne suka cika kasuwar Amurka: Manischewitz, Kedem da Mogen David. Kwalbar irin waɗannan ba kasafai take kai dala 10 ba. Zaƙin kuwa ba addini ne ya kawo shi ba, talauci ne da yanayin ƙasa. Yahudawan gabashin Turai da suka sauka New York tun daga shekarun 1880 sun tarar da inabin da ya fi yawa kuma ya fi sauƙin kuɗi shi ne Concord, wanda wani manomi Ephraim Bull ya fitar a Massachusetts a 1849. Yana jure sanyi, amma tsaminsa sai an danne shi da sukari mai yawa. Haka aka yi ta yi har jikoki suka tashi suna ganin wannan shi ne ɗanɗanon Asabar.

Manischewitz ma ba da giya ya fara ba. Kamfanin gurasa marar yisti ne da aka kafa a Cincinnati a 1888, sai a shekarun 1940 wani gidan giya ya ari sunan. Wani abin da ke ba ni dariya: duk shekara da ruwan zaƙin masara suke haɗa ta, amma in Idin Ƙetarewa ya matso sai su koma sukarin rake, domin Yahudawan Turai ba sa cin masara a kwanakin idin. Kedem kuwa na iyalin Herzog ne, waɗanda suka baro tsohuwar Chekoslobakiya suka iso New York a 1948.

Masu son marar zaƙi sukan ƙara kuɗi kaɗan, dala 10 zuwa 20, su sayi Baron Herzog ta Kalifoniya, ko Barkan da Carmel na Isra'ila. Carmel ɗin tun 1882 take, da kuɗin Baron Edmond de Rothschild ta tsaya da ƙafafunta. Akwai kuma Bartenura ta Italiya mai shuɗiyar kwalba, wadda masu sayenta da yawa ba su ma san kosha ba ce.

A girki wacce suke sawa?

Ya danganta da tukunya. Mai zaƙin Concord ita ake zubawa a charoset, wani kwaɓi na tuffa da kirfa da ake ci a daren idi don tuna laka da kakanninsu suka kwaɓa a Masar. Naman sa da za a bari ya daɗe a wuta kuwa ja marar zaƙi yake so, in ba haka ba miyar ta koma alewa. Dokar hannu ba ta faɗuwa don za a yi girki: tilas kwalbar ta zama kosha, haka ma ruwan khal ɗin da aka yi da inabi.

Tunda abincin Ahlul Kitabi halal ne, wannan fa?

Haram ce, babu kwana-kwana. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincinsu, aya ta 90 a surar kuma ta haramta giya. Manischewitz tana da barasa kusan kashi 11 cikin 100. Tambarin kosha a jikin miyar kwalba ko kek yana tabbatar maka babu alade, amma bai ce babu giya ba, sai ka karanta jerin kayan haɗi. Kada kuma wani ya ce maka wuta tana kore ta duka. Ƙididdigar ma'aikatar noma ta Amurka ta nuna bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 na barasar yana nan, bayan awa biyu da rabi ma da saura kashi 5.

Bayahuden da ba ya shan barasa fa, yaya yake yi?

Ruwan inabi zalla yake ɗauka. Lokacin da Amurka ta hana giya, daga 1920 zuwa 1933, an bar wa majami'u ƙofar sayen ta ibada, sai 'yan damfara suka riƙa shiga rigar malamai suna kwasa. A 1922 malami Louis Ginzberg ya ba da fatawar cewa ruwan inabin da bai tsima ba ya wadatar wa kiddush. Yau gidaje da yawa na Kedem suke zuba wa yara da tsofaffi, kuma shi ma ɗin sai Bayahude mai kiyaye Asabar ne ya matse shi.