Tsohuwar bindigar harbin gwangwani: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun ranar da na kai wasu 'yan'uwa filin harbi a bayan gari, a nan Amurka inda muke zaune, ban sake hutawa ba. Duk wanda ya ga tsohuwar Marlin ɗina sai ya ce shi ma yana so, wanda ya saya kuma bayan mako biyu ya bugo mini waya wai ta lalace. Ga amsoshin a wuri ɗaya. Wanda ya sake tambayata, nan zan turo shi.

Wace irin bindiga ce?

Ƙarama ce mai dogon hanci, tana cin harsashin .22 LR, wanda kaurinsa bai kai milimita 6 ba. Ka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ya fita, ita da kanta ta tofar da kwanso ta ɗauko na gaba. Ba ta ɓarin wuta. Amurkawa sun fi harbin gwangwani da takardar saiti da ita, sai ɗan farautar kurege da zomo. Tawa Marlin Model 60 ce, samfurin da aka fara fitarwa a 1960, an kuma ƙera sama da miliyan 11.

Ashe ta wasan yara ce?

Malam, kada na ƙara jin wannan maganar a bakinka. Ɗauki kwalin harsashin ka karanta: suna gargaɗi cewa yana iya kai mil ɗaya da rabi, wato sama da kilomita 2. Yana kisa. Rashin ƙara da rashin naushi a kafaɗa shi ke sa mutane sakaci da ita. Kada ka harbi ruwa ko dutse, harsashin yana zillewa ya nufi inda ba ka aike shi ba. Kuma ka toshe kunne ka sa tabarau, ko da abokanka za su yi maka dariya.

Ina da damar saye?

In kana da takardar zama ta dindindin ko ka zama ɗan ƙasa, dokar tarayya ta yarda, bayan ka cike fom 4473 a wurin dillali mai lasisi an binciki tarihinka. In da bizar karatu ko ta ziyara kake, asalin hukuncin haramci ne, sai 'yan togaciya. Kowace jiha kuma da nata. Tambayi lauya, kada ka tambayi abokin ɗakinka.

Zan iya tafiya da ita gida idan na je hutu?

A'a. Najeriya tana da dokar makamai tun 1959, babu riƙe bindiga sai da lasisi, shigo da ita kuma wani babi ne daban. Kada ka jawo wa tsohuwarka hawan jini.

Yaya zan san shekarunta?

A yawancin Marlin na 1973 zuwa ƙarshen shekarun 1990, ka ɗebe lambobi biyu na farko na lambar jikinta daga 100. Tawa ta fara da 22, ke nan 1978. In ka duba ko'ina ba ka ga lamba ba, kwantar da hankalinka, kafin dokar 1968 ba a tilasta buga lamba a irin waɗannan ƙananan ba. Wadda aka kankare lambarta da gangan kuwa, ko taɓa ta kada ka yi.

Wane harsashi zan ba ta?

.22 LR mai saurin da aka saba, nauyin kansa giren 36 zuwa 40 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), zai fi kyau mai rufin jan ƙarfe. Gajeren nan na .22 Short ba shi da ƙarfin tura sakata baya, wato ƙarfen nan da ke kai-komo a ciki yana fitar da kwanso yana shigar da sabon harsashi. .22 Magnum ba nata ba ne sam. Masu tsananin gudu irin CCI Stinger kuma ni ba na ba tsohuwa, dalilin yana ƙasa.

Tana cijewa duk bayan harbi uku ko huɗu. Ta mutu ne, ko in sayi sabbin kayan ciki?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna. Ba zan iya ce maka ga ciwon ba sai na riƙe bindigar a hannuna, amma a iya abin da na gani, mafi yawan waɗanda ake ce mini sun lalace datti ne kawai da yawan mai.

Fahimci yadda take aiki tukuna. Babu abin da ke kulle sakatarta, nauyinta da sifirin ne kaɗai ke riƙe ta. Ƙarfin albarushi ya tura kwanso baya, kwanso ya tura sakata, sifirin ya dawo da ita. Harsashin .22 kuma ɗan ƙarfin da yake da shi daidai-wa-daida ne, ga shi ƙazami: tokar albarushi, ɓurɓushin dalma, da kakin da ake shafa wa kansa, duk a cikin cikinta suke zama. Ranar da na buɗe tawa karo na farko, abin da na tarar a bayan sakata kamar kwaltar da aka kwaɓa da yashi. Da tsinken sakace na riƙa tono shi, ya cika murfin kwalba har biyu. Mai shagon da ya sayar mini ya rantse an wanke ta. Wataƙila hancin ya goge.

Don haka fara da mafi araha. Sauya harsashi, ka gwada iri biyu ko uku, don waɗannan bindigogi suna da zaɓen abinci, wata ta ci na wannan kamfani lafiya lau ta ƙi na wancan, kuma ba ka isa ka yi mata dole ba. In bai yi ba, wanke ta. Tabbatar babu komai a ciki, kwance kusoshin katako, zare ɗan turken baya, cikin ya sauko gaba ɗayansa, sannan ka ɗago sakata da sifirin. Goge fuskar sakata, ƙarƙashin ƙugiyoyin da ke fizgo kwanso, da ɗakin da harsashi ke kwanciya a gindin hanci, inda kan taru wani zoben baƙi mai riƙe kwanso. Tsohon buroshin haƙori ya isa.

Ga inda nake roƙonka don Allah: wancan ɓangaren mai faranti biyu na ƙarfe, inda guduma da 'yan sifirin suke, kada ka wargaza shi. Fesa masa ruwan wanki, goge, bar shi ya bushe. Na san hannunka yana ƙaiƙayi. Waɗanda suka buɗe shi sukan zo mini da kayan a leda. Wajen mayar da dogon sifirin ɗin kuma ka bi a hankali, yana lanƙwashewa. Ni kaina na lanƙwasa ɗaya, ta koma cijewa fiye da da, na yi kwana goma ina jiran sabo.

In ka wanke ta tsaf, ka sauya harsashi, har yanzu tana yi, to yanzu ne za a fara zargin kayan ciki, kuma yadda take cijewa shi zai nuna hanya, kodayake ba kullum ba. Kwanso ya maƙale a ƙofa a tsaye: galibi 'yar wayar da ke wurgo shi waje ce ta karkace, ko ƙugiya ta cinye. Sabon harsashi ya soki gefe kansa ya lotse: duba maƙogwaron da ke miƙo shi daga bututun da ake zuba harsasai a ƙarƙashin hanci, don maƙogwaron yana sakin jiki da tsufa. Ka ga 'yan ɓaraguzan roba kamar fasasshen haƙori a ciki: matashin robar da ke tare sakata a baya ne ya farfashe, kuma harsashi mai tsananin gudu ne ke saurin kashe shi. Daina harbi sai ka sauya, kuɗinsa kaɗan ne. Sai dai Marlin sun sha sauya fasalin waɗannan ƙananan kaya a tsawon shekaru, na sabuwa ba lallai ya hau tsohuwa ba, saboda haka ka san shekararta kafin ka yi oda. In abin ya kai ga maƙogwaro, ni dai ra'ayina ka kai wa mai gyaran bindiga, ko da kuɗin aikin zai kusa kuɗin sayenta. Wani zai ce ɓarnar kuɗi ce. Ƙila ya yi gaskiya.

Abu ɗaya ba na sassautawa a kansa. Ka ja kunama ba ta tashi ba, riƙe bakin yana kallon tudun saiti, ƙirga daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Ka ji ƙarar ta fito a raunane, tsaya, mai yiwuwa kan harsashi ya tsaya a cikin hanci, na biyu kuma zai same shi a can.

Mai nawa zan zuba?

Ɗigo biyu ko uku, a tsumma, a shafa. Ba miya kake yi ba.

In ja kunama babu harsashi?

Kada ka mai da shi ɗabi'a. Maganin tayar da wutar wannan harsashi a gefen gindinsa yake, can allura ke duka. Babu kwanso, a tsofaffi da yawa ƙarfen bakin ɗakin take sara.

Na zare sandar bututu na zazzage, ai ta zama fanko?

Wa ya gaya maka? Bututun tawa yana ɗaukar 18, na baya-bayan nan 14, kuma ɗaya kan laɓe a maƙogwaro. Irin tawa ta 1978 ba ta barin sakata a buɗe bayan harbin ƙarshe, sai daga baya aka ƙara wannan. Na taɓa zazzage ta na rantse babu komai, na ja sakata, sai ga harsashi ya faɗo kan tabarma yana gangarawa. Ja sakata sau uku, leƙa da idonka. A gida kuma kwaɗo a jikinta, harsashi a wani wuri daban a kulle, musamman mu masu yara da baƙi. Wanke hannu kafin ka ci abinci, dalma ce.

Ba gara Ruger 10/22 ko Nylon 66 ba?

Ruger 10/22, da aka fara fitarwa a 1964, ta fi sauƙin samun kaya. Nylon 66 ta Remington, mai jikin roba, tana jure datti, amma tun 1989 aka daina yin ta, kuma buɗe cikinta ya fi na Marlin azaba. Sayi wadda ka samu da lafiyayyen hanci.

In kankare katakon in shafa sabon fenti?

Naka ne. Amma in Glenfield ce, wato wannan samfurin dai da Marlin suka riƙa sayarwa da wancan suna, mai zanen kurege a gindin katako, kamar tawa, goge ta da tsumma kawai ka bar kuregen nan ya sarara.