Me ake nufi da "madubi da taga" a labaran yara?

Kwanakin baya a Birnin Kebbi na ce wa 'yar ƙanwata ta zana mini gimbiyar aljanu. Sai ga ta fara sol, gashi har gadon baya, idanu shuɗaye. Na ce ina baƙa? Ta ce, "Haba Kawu, ai ba a yin su baƙaƙe."

Irin wannan ne ya sa masana adabin yara ke yawan ambaton madubi da taga. Farfesa Rudine Sims Bishop, baƙar fata 'yar Amurka, ita ta yayata kwatancen a 1990. Littafi madubi ne idan yaro ya buɗe ya ga kansa a ciki, da launinsa da sunansa da tuwon gidansu. Taga ne idan ya leƙa rayuwar waɗansu. Duka biyun ana so. Matsalar ita ce yaron da kullum leƙe yake yi, har ya ɗauka jarumta da sarauta ba a yi su don irinsa ba.

Labaran sihiri da dodanni sun fi shiga wannan zance, domin a can marubuci ne ke ƙera duniyar da hannunsa. Idan ya iya ƙago doki mai fukafukai, me zai hana shi jaruma baƙa? Marubuciya Nnedi Okorafor ta yi haka a littafinta Akata Witch, 2011. Jarumar zabiya ce da aka haifa a Amurka, take zaune a Nijeriya, ana yi mata gorin fata, ana kuma yi mata na asali.

Amma fa kada mu ɗora wa Turawa laifin duka. A namu tatsuniyoyin da hikayoyin, wa ake ba wauta? Sau da yawa Bafulatanin daji ne, ko Bamaguje, ko baƙauye. Mu ce wasa ne, amma yaron da ake dariyar kakansa a aji ya san yadda yake ji. Kebbi kuwa ba Kabawa kaɗai ba ne. Akwai Dakarkari a Zuru, ga Kambari, ga Zabarmawa. Yarinyar Zuru ma tana son ta ga mai irin sunanta ta kashe dodon.

Kayan aiki ba su yi mana ƙaranci ba. Ga Kanta, sarkin da ya kafa daular Kebbi, ga kufan birninsa Surame, ga kogin Matan Fada a Argungu. Ni dai na saya wa 'yar ƙanwata fensir mai ruwan ƙasa, na ce ta sake zanen.